AMSOSHIN WASIƘUNKU: Shari'ar siyasa, da yaran Kano da aka kai Abuja

A wannan fili namu kukan aiko da tambaya, mu kuma mu je mu bincika mu kawo muku amsa daidai gwargwadon hali. A wannan mako wasiƙu huɗu ne suka zo mana daga kudancin Jihar Kano, da muka karanta su sai muka ga ashe duk magana ɗaya suke yi, saboda haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga hannun wani malamin firamare a Bebeji, wanda ya ce yakan ji ana cewa wane fursunan siyasa ne, ko kuwa shari'ar da ake yi wa wane ta siyasa ce, to shi yana son a bambance masa tsakaninta da shari'ar ɓarawo da ɗan fashi, a kuma yi masa misali da yaran nan na Kano da aka gurfanar a Abuja a shekarar 2024. Ta biyu daga wani manomin shinkafa ce a Tudun Wada. Shi kuma ya ji labarin wasu Armeniyawa da aka tsare a birnin Baku ana ta kiran a sako su, yana tambaya ko su wane ne, kuma me ya haɗa mu da su. Ta uku daga Riruwai take, cikin ƙaramar hukumar Doguwa, inda mai wasiƙar ya ce shi a ganinsa duk waɗannan kiraye-kiraye ihu ne bayan hari, shin an taɓa sakin wani saboda surutun jama'a? Ta huɗu kuwa wata uwa ce daga Kwanar Dangora a ƙaramar hukumar Kiru ta sa aka rubuta mata, tana cewa ɗanta mai shekara 16 yakan je birni cirani yana tura baro, kuma tun da ta ji abin da ya sami waɗancan yara ba ta iya barcin kirki in ya tafi. Tana tambaya, in Allah ya kiyaye wata rana aka kwashe shi cikin hargitsi, ina za ta dosa?

ABIN DA YA FARU

To malam na Bebeji, bari mu fara da kai, mu tuna yadda abin ya gudana. A ranar 1 ga watan Agusta na shekarar 2024 ne aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a sassan Nijeriya, bayan farashin abinci da na sufuri ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A Kano abin ya rikiɗe ya zama tarzoma. An fasa shaguna da rumbunan ajiya, an wawashe sabuwar cibiyar fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa wadda ko buɗe ta ba a kai ga yi ba, har gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohin Arewa, an kuma kama fiye da 1,200 a faɗin ƙasa, ko da yake rundunar 'yan sanda ta musanta cewa ita ta yi kisan.

Cikin kwanakin nan ne wasu matasa a Kano da Kaduna suka fito suna ɗaga tutar ƙasar Rasha. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce wannan cin amanar ƙasa ne, aka shiga kame, har da telolin da aka ce su suka ɗinka tutocin. Maimakon a gurfanar da su a Kano, inda akwai kotunan jiha akwai kuma babbar kotun tarayya, sai aka ɗebi wasu aka yi Abuja da su, tafiyar fiye da kilomita 400 daga iyayensu.

Sai ranar Juma'a 1 ga watan Nuwamba, wato bayan kusan wata uku, aka fito da mutum 76 gaban Mai shari'a Obiora Egwuatu bisa tuhuma goma, ciki har da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Kimanin 30 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 14 zuwa 17. Kafin a gama karanta tuhuma huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi a tsakar kotu. 'Yan sanda sun ce da gangan suka yi don su ja hankali, amma dai gani ya kori ji, domin duk wanda ya kalli hotunan ya ga haƙarƙari a waje. Alƙali ya ba da belin kowanne a kan naira miliyan 10, da masu tsayawa biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai mataki na 15 ko sama, ya kuma ɗage shari'ar zuwa watan Janairun 2025.

ME YA SA AKA ZAƁI CIN AMANAR ƘASA?

A nan ne amsar tambayarka take, malam, don haka ka kasa kunne. Babu mai gardama cewa an yi ɓarna a Kano, kuma wanda ya ɗauki kayan wani ɓarawo ne ko da yana rera waƙar zanga-zanga. Irin wannan akwai kotunsa, akwai sashen dokar da ya tanadi hukuncin sata da na ƙone dukiya, a kawo shaidu a yanke masa daidai laifinsa. Wannan ita ce shari'ar laifi.

Amma dubi abin da tsarin mulkin 1999 ya ce a sashe na 35. Wanda aka kama tilas a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Idan aka yi wata biyu yana tsare ba a yi masa shari'a ba, sai a sake shi, ko haka nan ko bisa sharaɗi. Sai dai kuma a ƙarshen wannan sashe akwai wata 'yar ƙofa, inda aka ce wannan ƙa'ida ta lokaci ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Ka ga ke nan, da zarar an rubuta cin amanar ƙasa a takardar tuhuma, wa'adin nan ya faɗi, beli ya yi wuya, ƙaramar kotu ba ta da hurumi. Ko da a ƙarshe ba a tabbatar da komai ba, mutum ya riga ya sha ɗauri. A shari'ar siyasa, zaman jiran shari'ar shi ne hukuncin.

To ga alamomin da masana harkar shari'a kan duba. Ta farko, tuhumar ta fi laifin girma nesa ba kusa ba, kamar a ce yaron da bai san inda Rasha take a taswira ba shi ne zai kifar da gwamnati. Ta biyu, akan kama mutane a dunƙule a tuhume su a dunƙule, ba a faɗi abin da wane ya yi a wuri kaza da ƙarfe kaza ba. Ta uku, akan nisanta mutum da danginsa da lauyansa, ko a kai shi kotun da ba tasa ba, kamar farar hula a kotun soja, ko yaro a kotun manya, alhali dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce wanda bai kai 18 ba yana da tasa hanyar shari'a daban. Ta huɗu, akan ba da belin da ba beli ba. Lissafa da kanka: mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato naira miliyan 10 albashin kusan shekara 12 ke nan ba a ci ba a sha ba. Gaskiya ne ba lallai sai an ajiye tsabar kuɗin ba, amma ina mai facin taya ko mai tallan rake zai sami babban ma'aikaci a Abuja da zai sa wuyansa a kan wannan adadi? Ta biyar kuwa, wadda ba a ganinta sai a ƙarshe, ita ce shari'ar takan mutu ran da masu mulki suka ga ba ta da riba, ba ran da alƙali ya auna shaida ba.

BA YAU AKA FARA BA

Dattawan Bebeji da Kiru za su gaya maka wannan tsohon zance ne a ƙasar Kano. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a ranar 8 ga Agustan 1950, magoya bayan Malam Aminu Kano sun sha ɗauri a kotunan En'e bisa laifin yin taro ba izini ko zagin sarakuna, kuma a lokacin lauya ba ya shiga kotun alƙali ya kare kowa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka ce sau 16 tana shiga gidan yari, a Kano ma an ɗaure ta saboda tara mata tana yi musu lacca.

Zamanin soja kuwa abin ya canja riga ne kawai. Dokar soja mai lamba 2 ta shekarar 1984 ta ba da ikon a tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba ko kaɗan. A watan Maris na 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'adua, Tafidan Katsina, da Janar Olusegun Obasanjo bisa zargin shirya juyin mulki, 'yan watanni bayan taron tsara tsarin mulki, inda 'Yar'adua yake da faɗa a ji, ya yanke cewa soja su sauka a watan Janairun 1996. Kotun soja ta musamman a ƙarƙashin Patrick Aziza ta yi zamanta a asirce ta yanke wa 'Yar'adua hukuncin kisa. A 1998 ma an tsare Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Sule Lamido saboda adawa da shirin tazarce. Za mu dawo kan yadda waɗannan suka ƙare.

SU WANE NE ARMENIYAWAN BAKU?

Yanzu kuma sai malam na Tudun Wada. Armeniya da Azarbaijan ƙasashe ne maƙwabta a yankin duwatsun Kokeshiya, tsakanin Rasha da Turkiyya da Iran, dukkansu suna cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet har ta wargaje a 1991. Rigimarsu a kan wani yanki ce mai suna Nagorno-Karabak, wanda duniya ta amince na Azarbaijan ne, amma kafin 2023 yawancin mazaunansa Armeniyawa ne. An yi yaƙi har zuwa 1994, Armeniyawa suka riƙe yankin da kewayensa, dubban ɗaruruwan Azarbaijanawa suka rasa gidajensu. A 2020 aka sake gwabzawa kwana 44, Azarbaijan ta ƙwato yawancin ƙasar. Daga watan Disamban 2022 aka toshe hanya ɗaya tilo da ta haɗa yankin da Armeniya har wata tara, sannan a ranar 19 ga Satumban 2023 sojojin Azarbaijan suka shiga, cikin kwana ɗaya aka gama. Armeniyawa fiye da 100,000 suka kwashe nasu ya nasu suka tsere cikin 'yan kwanaki.

A lokacin wannan ƙaura ne aka kama shugabannin yankin aka kai su Baku, babban birnin Azarbaijan. Cikinsu akwai tsofaffin shugabanni uku, Arkadi Ghukasyan da Bako Sahakyan da Arayik Harutyunyan, da kuma wani attajiri mai suna Ruben Vardanyan, wanda ya riƙe muƙamin shugaban gwamnatin yankin na 'yan watanni kawai, aka tare shi a kan iyaka ranar 27 ga Satumba. A ranar 17 ga Janairun 2025 aka fara shari'ar mutum 16 a kotun soja ta Baku, bisa tuhumar ta'addanci da laifukan yaƙi da ƙwace mulki da ƙarfi. Vardanyan shi kaɗai tuhuma sama da 40 aka ɗora masa.

Gwamnatin Azarbaijan ta ce waɗannan ba fursunonin siyasa ba ne, mutane ne da za su amsa jinin da aka zubar, tana kafa hujja da kisan fararen hula a garin Khojaly a 1992 da makamai masu linzami da aka harba birnin Ganja a 2020. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma iyalan mamatan suna da haƙƙin a bi musu kadi. Su kuwa masu kiran a sako su suka ce a dubi yadda aka gudanar da shari'ar: farar hula a kotun soja, ba a bar 'yan jarida masu zaman kansu da masu sa ido na waje sun shiga ba, waɗanda ake tuhuma sun koka cewa an jibge musu kundaye ɗaruruwa cikin harshen da ba su iya ba, ba a kuma ba su isasshen lokacin nazari ba. Vardanyan ya yi yajin cin abinci a 2024 da kuma 2025. Majalisar dokokin Tarayyar Turai ta zartar da ƙuduri a watan Maris na 2025 tana neman a sake su, sannan a cikin wannan shekarar ne gwamnatin Baku ta sa ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda ita ce ke ziyartarsu tana kai saƙo ga iyalansu, ta rufe ofishinta.

To me ya haɗa mu da su? Malam, ɗauki alamomi biyar ɗin nan da muka lissafa wa malam na Bebeji ka gwada su a nan, za ka ga da yawa sun hau. Mun kuma san abin da wani zai raya a zuciyarsa, cewa Azarbaijan ƙasar Musulmi ce, Armeniyawa kuwa Kirista ne, don haka ina ruwanmu. Amma mudun da ake auna adalci da shi ɗaya ne a kasuwa, ba a canja shi don ganin fuskar mai saye. Wanda ya ce a buɗe ƙofar kotu a Baku bai ce mutanen nan waliyyai ba ne, cewa ya yi in da shaida a baje ta kowa ya gani, in babu a sallame su. Abin da muka nema wa yaranmu ke nan a Abuja, kuma waɗanda suka taya mu nema a lokacin, da yawansu ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba.

SHIN SURUTU YANA BUƊE GIDAN YARI?

Malam na Riruwai, ga amsarka, kuma ba za mu shafa maka zuma a baki ba. Wani lokaci yana buɗewa, wani lokaci ba ya buɗewa.

Yaran Kano sun yi wata uku a tsare ba wanda ya motsa. Ranar Juma'ar da hotunansu suka bazu a Facebook da WhatsApp da gidajen talabijin, lauyoyi da malamai da 'yan majalisa da jagororin adawa irin su Atiku Abubakar da Rabi'u Musa Kwankwaso da Peter Obi suka yi ca. A daren nan ministan shari'a Lateef Fagbemi ya ce a miƙa masa fayil ɗin. Ranar Litinin 4 ga Nuwamba ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurnin a sake su. Ranar Talata gwamnati ta janye ƙarar bisa ikon da sashe na 174 ya ba ministan shari'a, kotu ta sallami fiye da mutum ɗari, mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya miƙa su ga Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano da Gwamna Uba Sani na Kaduna. Abin da ya gagara wata uku ya yiwu cikin kwana huɗu. Shaida ba ta ƙaru ba kuma ba ta ragu ba tsakanin Juma'a da Talata, idon jama'a ne kawai ya sauka a kai.

Shi kuwa 'Yar'adua, roƙon shugabannin duniya ya sa aka sassauta masa daga kisa zuwa ɗaurin shekara 25 a watan Oktoban 1995, amma bai fito da rai ba, ya rasu yana fursuna a Abakaliki ranar 8 ga Disamban 1997. Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na ƙabilar Ogoni, duk da roƙon da aka yi, an rataye su ranar 10 ga Nuwamban 1995. Obasanjo da Rimi da Lamido sai bayan rasuwar Abacha a watan Yunin 1998 suka shaƙi iskar 'yanci, kuma shekara guda ba ta cika ba wanda aka ɗaure da sunan maci amanar ƙasa ya zama shugaban ƙasar. A maƙwabciyarmu Nijar, kotun ECOWAS ta yanke a watan Disamban 2023 cewa a saki Shugaba Mohamed Bazoum da sojoji suka tsare tun 26 ga Yulin wannan shekara, sojojin suka yi kunnen uwar shegu da hukuncin. A can Baku kuma, a watan Disamban 2023 an saki sojojin Armeniya 32 a musaya da na Azarbaijan 2, a cikin wata yarjejeniya da Armeniya ta janye adawarta ga Baku ta karɓi baƙuncin taron sauyin yanayi na duniya.

Abin da za ka tsinta a nan shi ne, tun da siyasa ce ta kulle ƙofar, yawanci siyasa ce kan buɗe ta, wato ran da riƙe mutum ya fi sakinsa tsada ga mai riƙon. Aikin masu kira shi ne su ƙara wannan tsada ta hanyar lumana, da ambaton sunan mutum, da lauya, da jarida, da nacin zuwa kotu. Wanda ba a san sunansa ba kuwa shi ne ya fi shiga uku. Kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma yawancinsu ba su taɓa faɗuwa gaban kyamara ba.

Har ila yau akwai abin da ya kamata a lura. Janye ƙara ba wanke mutum ba ne, kuma ba biyan haƙƙi ba ne. Sashe na 35 ɗin nan ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da kuma neman gafara a bainar jama'a daga hukumar da ta tsare shi, sai dai kotu ce kan tabbatar da haka, kuma sai wanda abin ya shafa ya kai ƙara. Idan jama'a suka watse da zarar an sako mutum, to an bar ƙofar nan a buɗe ga na gaba.

GA UWAR DA KE KWANAR DANGORA

Baiwar Allah, mun ji kukanki, kuma ba ke kaɗai ba ce, domin daga Kiru har Doguwa da wuya gidan da ba shi da ɗa a birni in an gama girbi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ki tanadi abu uku: takardar haihuwarsa ko ta makaranta mai nuna shekarunsa, hotonsa na kwanan nan, da lambar wayar ubangidansa ko wanda yake kwana a wurinsa. A shari'ar Abuja ma an yi ta musu a kan shekarun yaran, kuma takarda ce ke raba irin wannan gardama.

Idan abin ya faru, kada a zauna ana jiran gobe. A ranar a tura mahaifinsa ko kawunsa, ko ke da kanki, ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda aka kama shi, a tabbatar an rubuta sunansa, a riƙe rana da lokaci da sunan ofishin. Doka ta ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana kuma da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya. Ki gaya masa tun yau, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, ta kuma ce ba a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce.

In kwana biyu suka wuce ba a kai shi kotu ba, ko aka ce ba a san inda yake ba, akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa tun 1976 saboda marasa hali, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, dukkansu suna da ofis a Kano, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi. Lauya zai iya shigar da ƙara babbar kotu bisa sashe na 46, ya nemi a fito da shi. A sanar da mai unguwa da dagaci da kansila da ɗan majalisarku, a nemi iyayen sauran yaran da aka kama tare a haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi hattara da 'yan damfara masu cewa a kawo kuɗi za su fito da shi ta bayan gida. Shi kuma yaron ki ja masa kunne, in ya ga taro ya fara jifa ko fasa shago, ya ajiye baron ya bar wurin, ko tsinke kada ya ɗauka.

Mu kuma sauran jama'a, abin da ya rage mana shi ne mu riƙa tambaya ko da wanda aka kama ba ɗan jam'iyyarmu ba ne, ko ba ma ƙaunarsa. Waɗanda suka yi shiru lokacin da ake ɗaure 'yan NEPU, wasunsu sun ɗanɗana ɗaurin soja daga baya, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To jama'a, da fatan masu tambaya na Bebeji da Tudun Wada da Riruwai da Kwanar Dangora sun gamsu. A nan za mu dasa aya, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a riƙa rubuta sunan gari da ƙaramar hukuma yadda za su karantu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.